Tarihin ƙasarmu: inda jama'ar Nijar take zaune, jiya da yau

 

Tarihin da za mu duba yau tarihin talakawa ne. Ina kakanninmu sunka zauna? Mi ya tashe su? Ina sunka koma? Don mi wani yanki na Nijar ya cika da mutane har ana faɗa bisa iyakar gona, wani yankin kuwa sai ka yi kwana uku bisa raƙumi ba ka ga bukka ba? Ku karanta a hankali. Akwai lissafi a ciki, amma mai sauƙi ne. In kun zo ga lamba, ku tsaya, ku sake karanta ta.

Ƙasa babba, jama'a a gefe guda

Faɗin ƙasarmu murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267 ne. Murabba'in kilomita shi ne fili mai tsawon kilomita guda da faɗin kilomita guda. A awon malaman gona, hekta 100 ke nan. Nijar ta fi Najeriya faɗi.

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 an samu mutum miliyan 17 da dubu 138. Don mu gane yadda sunka rarrabu, mu ɗauka dukan ƴan Nijar mutum 100 ne, zaune cikin inuwa guda. Sai a ce kowa ya tashi ya nufi jiharsu. Ga abin da za mu gani:

Damagaram, mutum 21.
Maraɗi, mutum 20.
Tawa, mutum 19.
Tilaberi, mutum 16.
Doso, mutum 12.
Yamai, mutum 6.
Difa, mutum 3.
Agadas, mutum 3.

Ku haɗa na Damagaram da Maraɗi da Tawa. Mutum 60 ke nan cikin 100. Yanzu ku dubi Agadas. Jihar Agadas ita kaɗai ta fi rabin ƙasar faɗi, amma mutum 3 gare ta. Jihar Maraɗi kuwa, in anka raba Nijar kashi 30, kashi guda ce tak, amma mutum 20 gare ta.

Ko cikin jiha guda ma ba a zauna daidai ba. A jihar Damagaram, kudu ne ya cika: Magarya, Kance, Matamai, Mirya. In ka nufi arewa wajen Tasker, sai rijiya da rijiya, sai zangon makiyaya. Haka jihar Tawa: Madawa, Buza da Birnin Ƙonni sun cika, Azawak kuwa fili ne na kiwo.

Ruwa ne mafarin rabo

Babban dalili kun san shi: ruwan sama. A shekara mai matsakaicin ruwa, Gaya na samun wajen milimita 800. Maraɗi na samun wajen 500. Tawa ba ta cika kai 400 ba. Agadas ba ta kai 200 ba. Bilma ko 20 ba ta kaiwa. Hatsi kuwa yana son aƙalla milimita 300 kafin ya yi kai. Inda hatsi ke nuna, nan gari ke kafuwa.

Amma ku sani, arewa ba haka take ba tun fil azal. Shekaru fiye da dubu 5 da sunka wuce, akwai tabkuna cikin Tenere. A wani wuri mai suna Gobero, cikin jihar Agadas, masu binciken tarihi sun tono kaburburan mutanen da, tare da ƙugiyoyin kamun kifi, da ƙasusuwan kada da dorina. A Dabus, arewa da Agadas, akwai siffar raƙumin dawa da mutanen da sunka sassaƙa bisa dutse. Inda yau babu ko ciyawa, da can ana su, ana farauta, ana kiwon shanu. Da ruwa ya janye, mutane sunka bi shi kudu, sannu sannu.

Tarihin baka ma ya riƙe wanga abu. Gobirawa na cewa kakanninsu sun zauna Azbin, kafin su gangaro Birnin Lalle, daga baya su kafa Alƙalawa.

Abin da ya riƙe mutane a arewa bayan ruwa ya tafi shi ne fatauci. Ayarin Azbinawa na ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, su kai Damargu da ƙasar Hausa, su komo da hatsi da tufafi. Wasu ayarin na ƙetare hamada har bakin bahar. Da haka Agadas ta zama babban birni, mai sarki da dogon masallaci. Da hanyar fatauci ta yi rauni, birnin ya rage. A shekarar 1850 wani matafiyi Bajamushe mai suna Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Agadas. Ya tarar da kangaye da yawa, ya ƙiyasta mazaunan wajen dubu 7.

Zamanin ganuwa

Abu na biyu da ke zaunar da mutum, bayan ruwa, shi ne kwanciyar hankali. Hausawa sun ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

A shekarar 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi. Birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Sarakunan da anka kora sunka yo arewa da jama'arsu. Katsinawa sunka kafa sarautarsu a Maraɗi wajen 1819, ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Gobirawa sunka kafa Tsibiri a 1836. Ga shi, garuruwa biyu maƙwabta sun cika da mutanen da yaƙi ya turo.

A gabas, Damagaram ta yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ya kewaye birninsa da ganuwa. Fatake da malamai da masu sana'a sunka taru a ciki.

A wancan zamani mutane a dunƙule suke. Ana zaune cikin ganuwa, ko cikin kafi na itace da ƙaya, ko cikin duhun kurmin gulbi, ko bisa dutse kamar a ƙasar Adar. Ba a noma nesa da gari, don tsoron mahara. Tsakanin gari da gari daji ne baƙi ƙirin, na namun dawa da maharba. Ƙasa na nan tuli, amma babu mai iya kwana cikinta.

Zamanin Nasara: an fito daga ganuwa

Zuwan Nasara ya fara da wuta. A 1899 rundunar sojan Faransa ta ratso ƙasar daga yamma, tana ƙone garuruwa. Ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta hallaka jama'a mai yawa a Birnin Ƙonni. A 1913 da 1914 anka yi babbar yunwar da tsofaffi ke kira Ƙaƙalaba. A 1916 da 1917 anka yi yaƙin Kawusan. Bayan yaƙin, Nasara sunka murƙushe Azbin, mutane da yawa sunka mutu, wasu sunka watse kudu. Bodo da aikin tilas kuma sun sa ƙauyuka da dama sun ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Sai a 1946 anka hana aikin tilas.

Duk da wagga wahala, wani abu guda ya sake: yaƙi tsakanin gari da gari ya ƙare. Sai mutane sunka fara fita daji. Ga yadda ake yi. Maharbi ko wani magidanci ya ga wuri mai kyau. Ya nemi izinin sarki. Ya tara ƴan uwansa, su gina rijiya. In ruwa ya fito, sai gatari: a sassabe, a ƙone, a shuka. Bayan damana biyu ko uku, tunga ta zama gari.

Shaidar wanga tarihi na cikin sunayen garuruwanku. Gidan wane, Garin wane, Tungar wane, Rijiyar wane, Sabon Gari, Sabon Kafi. Kowane suna irin wannan yana nuna wani mutum da ya bar tsohon gari ya shiga daji. Ku tambayi tsofaffinku: wa ya gina rijiyar farko, daga ina ya fito? Ƙauyuka da yawa na Mayahi, Dakoro da Damargu ta haka sunka kafu. A 1947 mutane sun yi yawa a Dakoro har Nasara sunka aje kwamanda a wurin.

Abu biyu kuma sunka ƙara ja jama'a wajen iyakar kudu da wajen kogi.

Na farko kasuwa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kayan da ke bin raƙumi ta hamada sunka koma bin jirgi ta bakin teku. Daga baya noman gujiya, wato gyaɗa, ya kankama a Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai. Gujiya ce ke biyan bodo, ita ke sayen turmin atamfa. A 1945 ruwan gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi, anka tada gari bisa tudu. Sabon garin ya zama cibiyar ƴan kasuwa da alhazai.

Na biyu mulki ne. Daga 1911 Damagaram ce babban birnin ƙasa. A 1926 Nasara sunka maida shi Yamai, bakin kogin Isa, inda ruwa ya wadata. Lokacin Yamai ƙaramin gari ce. A 1960, shekarar da munka samu mulkin kai, mazaunanta wajen dubu 30 ne. Dukan ƴan Nijar kuwa miliyan 3 ne da ƴan kai.

Shekarun ruwa da shekarun fari

Daga 1950 zuwa wajen 1965 Allah ya ba da damana masu kyau a jere. Manoma sunka ƙara matsawa arewa, har cikin makiyayar Fulani da Buzaye. Gwamnati ta ga abin zai kawo rigima. A watan Mayu na 1961 ta kafa doka, ta ja layi daga yamma zuwa gabas. Kudu da layin ƙasar noma ce. Arewa da shi ƙasar kiwo ce. Amma gonaki sun ƙetare layin a wurare da yawa.

Sai fari ya zo. Ya fara daga 1968, ya yi tsanani a 1973 da 1974. Ya komo a 1984. Dabbobi sunka mutu garke garke. Mutumin da ke da shanu ɗari ya wayi gari da sanda kaɗai. Makiyaya sunka kwararo garuruwa. A Yamai anka buɗe sansanin masu gudun yunwa a Lazare, wurin da daga baya ya zama unguwa. A Agadas, Tawa, Abalak da Cin Tabaradan, mutanen da ba su taɓa zama gari ba sunka kafa bukkoki, da yawansu ba su koma daji ba. Manoman Zarmaganda, wajen Walam, sunka gangara kudu neman ƙasa wajen Sayi da Tamu.

A gabas, tabkin Cadi ya janye. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Bayan farin 1984 ko kashi ɗaya cikin goma na wannan bai rage ba. Garin Ngigmi, wanda ke bakin ruwa, ya koma nesa da ruwa. Masunta sunka bi kifi, manoma sunka bi laimar da tabki ya bari.

Ƙarfe ya kafa gari cikin hamada

Abu na uku da ke jan mutum shi ne aikin yi. A 1969 anka kafa garin Arlit cikin hamada, inda babu gona ko guda, saboda ƙarfen uraniyom. Kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971, kamfanin Cominak a Akokan ya fara a 1978. Anka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Ma'aikata, direbobi, mahauta da masu tuwo sunka zo daga ko'ina. A ƙidayar 2001 Arlit ta kusan mutum dubu 70. A 2021 Cominak ya rufe, ma'aikata da yawa sunka rasa aiki. A 2014 kuma labarin zinariya ya ja dubban samari zuwa Jado. Garin da ƙarfe ya kafa, ƙarfinsa na tare da ƙarfen.

Yamai ma aiki ne ya cika ta: ofisoshin gwamnati, barikin soja, makarantu, babban asibiti, kasuwa. Gadar Kennedy da anka buɗe a 1970 ta sa gari ya ƙetare kogi. Daga dubu 30 a 1960, Yamai ta kusan dubu 400 a 1988, ta zarce dubu 700 a 2001, ta zarce miliyan 1 a 2012.

Amma kada hasken birni ya ruɗe mu. A 2012, cikin ƴan Nijar 100, mutum 16 ne ke zaune birane. Sauran 84 a karkara suke.

Abin da ƙidaya huɗu ta nuna

Tsakanin 1977 da 2012 an ƙidaya dukan jama'ar ƙasa sau huɗu:

1977: miliyan 5 da dubu 103.
1988: miliyan 7 da dubu 252.
2001: miliyan 11 da dubu 60.
2012: miliyan 17 da dubu 138.

Cikin shekara 35 mun ninka fiye da sau uku. Tsakanin 2001 da 2012, kowane mutum 100 na ƙaruwa da kusan mutum 4 a shekara. Da wagga tafiya, jama'a na ninkawa biyu cikin shekara 18. Yaron da anka raɗa wa suna yau, kafin ya yi aure garinsu ya zama biyu. Masana sun ƙiyasta a 2024 mun zarce miliyan 25.

Yanzu ga jihohi, a 1977 da a 2012:

Damagaram: daga miliyan 1 zuwa miliyan 3 da dubu 540.
Maraɗi: daga dubu 950 zuwa miliyan 3 da dubu 402.
Tawa: daga dubu 994 zuwa miliyan 3 da dubu 328.
Doso: daga dubu 693 zuwa miliyan 2 da dubu 38.
Difa: daga dubu 167 zuwa dubu 594.
Agadas: daga dubu 125 zuwa dubu 488.

A 1977 Yamai da Tilaberi jiha guda ce, mai mutum miliyan 1 da dubu 172. A 2012, in ka haɗa su biyun, miliyan 3 da dubu 749 ne.

Mi munka gani? A 1977 Tawa ta fi Maraɗi jama'a. A 1988 Maraɗi ta wuce ta. A 2001 Maraɗi ce ta ɗaya cikin ƙasa duka. A 2012 Damagaram ta sake shiga gaba. Agadas ta ninka kusan sau huɗu, saboda ƙarfe da masu gudun fari, amma da yake daga kaɗan ta fara, kaɗan ɗin ce dai. Doso ta ƙaru, amma rabonta ya ragu: daga mutum 14 cikin 100 ya koma 12. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne ƴan Doso da yawa na tafiya Yamai da ƙasashen bakin teku.

Babban abin lura shi ne wannan. A 1977 Damagaram da Maraɗi da Tawa na da mutum 58 cikin 100. A 2012 suna da 60. Wato jama'a ba ta sake wuri ba. Inda take, nan ta ƙaru.

Daga ina ƙaruwar ta fito? Daga alheri ta fito. Da can agana, ƙyanda, zawo da zazzaɓi na kwashe yara. A binciken lafiya na 1992, cikin yara 1000 da anka haifa, 318 na rasuwa kafin su cika shekara 5. A binciken 2012 sun koma 127. Allurar rigakafi, gidan sauro, ruwan famfo da awon ciki ne sunka kawo haka. Haihuwa kuwa ba ta ragu ba a lokacin. A 2012, in anka daidaita, mace guda na haihuwar ɗiya 7 zuwa 8 a rayuwarta. A Maraɗi da Damagaram abin ya zarce 8, a Yamai 5 ne da ƴan kai. Shi ya sa rabin ƴan ƙasa a 2012 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Daji ya ƙare

Ƴan uwa, ga inda maganar take. Shekaru aru-aru, in gari ya cika, maganinsa guda ne: a ɗauki gatari a shiga daji. A kudancin ƙasarmu wannan magani ya ƙare, don dajin ya ƙare. Gonar garinku ta haɗu da gonar garin gaba. A arewa akwai fili, amma babu ruwa. A kudu akwai ruwa, amma ga iyakar ƙasa.

Mu yi lissafi da jihar Maraɗi. A 1977, kowane murabba'in kilomita na ɗauke da mutum 23. A 2012 yana ɗauke da 81. Kun tuna murabba'in kilomita hekta 100 ne. To, a 1977 kowane mutum na da fiye da hekta 4. A 2012 hekta guda da ɗan ƙari. Cikin wannan har da gari, da hanya, da maƙabarta, da makiyaya. A Madarumfa, Kance da Magarya ma, mutanen murabba'in kilomita guda sun zarce 100.

Ku kawo lissafin gida. Misali, kaka ya bar gona hekta 12, da ɗiya maza huɗu. Kowa ya samu 3. In kowanensu ya bar ɗiya huɗu, jika bai samu ko hekta guda ba. Da can ana barin gona ta huta shekara biyar ko fiye. Yanzu wa ke da gonar da zai bari? Ƙasa ta gaji, damin da ake samu ya ragu, rumbu na ƙarewa tun kafin bazara. Mata ne kan fara rasa gamanarsu. Burtali kuma ya matse.

Inda burtali ya matse, rigima na kusa. A watan Oktoba na 1991, a Toda, ƙasar Gidan Runji, faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu, Allah ya kiyaye gaba.

Wanda gona ba ta ishe shi ba, sai cin rani. Ƴan Adar na zuwa Abijan. Zabarmawa sun daɗe da sanin hanyar Kumasi da Ankara. Ƴan Maraɗi da Damagaram na zuwa Kano da Legas, wasu Libiya da Aljeriya. Kuɗin da suke aikowa na riƙe gidaje da yawa. Amma hanya na cin rai. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 sun mutu da ƙishirwa cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara ƴan ƙasar Kance, ɗaya daga cikin wuraren da sunka fi cika.

Rashin kwanciyar hankali ma ya sake tada mutane, kamar zamanin ganuwa. Daga 2015 hare-haren Boko Haram sun tashi ƙauyukan bakin Komadugu da tsibiran tabkin Cadi, mutane sunka zube bakin babbar hanya a jihar Difa. Daga 2018 ƙauyuka da dama na arewacin Tilaberi da Tawa sun watse zuwa garuruwa.

Abin da wasu sunka yi

Tun da gona ba ta faɗaɗa, sai a sa ta ƙara ba da amfani. Akwai waɗanda sunka gwada, kuma an gani a ƙasa.

A watan Mayu na 1984 anka yi babban taron ƙasa a Maraɗi bisa yaƙi da hamada. Daga shekarun nan manoman Maraɗi da Damagaram sunka sake salon sassabe. Maimakon a tumɓuke kowane kututture, sai a bar tohon da ya fi ƙarfi, a gyara shi, ya zama itace. Gawo, sabara, kalgo da aduwa sunka komo cikin gonaki. Gawo na zubda ganye da damana, yana takin ƙasa, ƴaƴansa abincin dabbobi ne. Masana sun ƙiyasta wanga aiki ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Abin mamaki, a wuraren da mutane sunka fi yawa, kamar Agye, Magarya da Matamai, nan itatuwan sunka fi komowa. Hannu da yawa na iya cinye daji, hannu da yawa kuma na iya tada shi.

A ƙasar Adar, mutanen Ilela da Badagishiri sun raya faƙo da tassa: a gina rami, a zuba taki, ruwa ya kwanta ciki, hatsi ya fito inda da ko ciyawa babu. A Keita, daga 1984, mata da maza sun jera duwatsu sun tare ruwa bisa tsaunuka. A fadamar Majiya, daga 1975, anka dasa layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. A Galmi albasa ta sa ƙaramin fili na ciyar da gida, har ana kai ta Abijan da Ankara.

A 1993 gwamnati ta kafa dokar karkara. Ƙarƙashinta akwai kwamitocin ƙasa, masu shata burtali da makiyaya, masu ba manomi takardar shaidar gonarsa. Wanda ya iya karanta takardar gonarsa, da wuya a cuce shi.

Maganar tazarar haihuwa ma ta shiga gidaje. Kakanninmu sun san ta: ba a son kunika, sai an yaye yaro ya yi ƙwari. A binciken 2021 lissafin haihuwa ya sauko zuwa ɗiya 6 da ƴan kai ga mace guda. Wagga shawara ce ta miji da mata, tare da ungozoma da likita.

Abu na ƙarshe, ƙidaya. Zamanin Nasara ƙidaya na nufin bodo da ɗaukar soja, shi ya sa ake ɓoye yara cikin rumbu in an ji kwamanda tafe. Yau da lambar ƙidaya ake sanin garin da ya cancanci makaranta, da famfo, da gidan likita. Garin da ya ɓoye rabin mutanensa, rabin rabonsa zai samu. In masu ƙidaya sun zo, ku faɗi kowa: jariri, tsohuwa, almajiri, baƙon da ke kwana gidan.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya kafa garinku, daga ina ya fito, mi ya tashe shi?
2. Gida nawa ne a garinku lokacin yunwar 1984, gida nawa ne yau?
3. Gonar kakanka mutum nawa ke nomanta yanzu?
4. Ina burtalin garinku ya bi? Yana nan da faɗinsa na da?
5. Samari nawa sunka tafi cin rani bana, nawa sunka komo kafin shuka?

Ku rubuta amsoshin cikin littafinku, da suna da lamba da shekara. Ku karanta wa tsofaffi, su gyara muku inda ya karkace. Tarihin garinku ke nan kun aje wa ɗiyanku.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai wani jiƙon.